Rancen Bankunan Raya Ƙasa: Yana Ƙara Jari Kuwa?

Sai takarda ta gaba, daga wani mai sauraronmu a Kano da ke sana'ar casar shinkafa. Ya ce: "Kullum muna jin Bankin Masana'antu ya ba da rance. Shin kuɗin nan na sa 'yan kasuwa su ƙara zuba jari, ko a bakin labarai kawai yake tsayawa?"

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Bankin Masana'antu, wato BOI, an kafa shi ne a 2001, bayan an haɗe wasu hukumomin gwamnati uku, ciki har da tsohon bankin raya masana'antu, NIDB, wanda ya faro tun 1964. Akwai kuma Bankin Raya Ƙasa na Najeriya, wato DBN, da ya fara aiki a 2017. Shi ba ya miƙa wa ɗan kasuwa kuɗi hannu da hannu, sai ta bankunan kasuwanci da na masu ƙaramin ƙarfi.

Babban amfanin waɗannan bankuna shi ne dogon wa'adin biyan rance. Ɗauki injin casarka. Kafin ya fanshi kansa sai ya yi shekaru yana aiki, ga kuɗin wuta, ga man janareto. Bankin kasuwanci kuwa yakan so kuɗinsa da wuri, da ruwa mai nauyi. Wa zai sayi inji a haka? Amma in aka ba ka shekara biyar, aka ɗaga maka ƙafa a watannin farko, sai ka sayo injin, ka ƙara yaran aiki. A nan jari ke ƙaruwa da gaske.

Inda gizo ke saƙar shi ne hannun da kuɗin ke faɗawa. A Brazil akwai bankin raya ƙasarsu, BNDES, wanda aka kafa a 1952. Masanan da suka bibiyi manyan kamfanonin da ya bai wa rance sun ga nauyin ruwan da suke biya ya ragu, amma jarinsu bai ƙaru a zo a gani ba, domin dama ba su rasa inda za su ci bashi ba.

Mai ƙaramar masana'anta irinka, wanda rancen zai ɗaga sama, shi ne jingina ke kayarwa, kuma abin yana damuna matuƙa. Za a nemi takardar mallakar fili, da rajistar hukumar kamfanoni ta CAC, da lissafin shige da ficen kuɗi. Don haka Malam, tun yau ka samu littafi ka riƙa rubuta kowane buhu da ya shigo da wanda ya fita, cinikin kuma ya riƙa bi ta asusun banki.