Lacca: Baiwa da Muƙami a Ikilisiyar Farko, da Yadda Ɗarikun Yau Suka Raba Su

Salama gare ku, 'yan'uwa. Ku buɗe 1 Korintiyawa sura 12, daga nan za mu tashi.

Bulus ya rubuta wannan wasiƙa daga Afisa wajen shekara ta 54 miladiyya. Masu bi na Korinti ba su da ginin coci, a gidajen 'yan'uwa suke taruwa. Ya lissafa musu baye-baye tara: maganar hikima, maganar sani, bangaskiya, warkarwa, mu'ujizai, annabci, rarrabe ruhohi, harsuna, da fassarar harsuna. A aya ta 28 kuma ya jera mutane: manzanni da farko, annabawa na biyu, masu koyarwa na uku. Ku duba da kyau, babu bishop a jerin.

Wasu daga nan suke yanke hukunci cewa ikilisiyar farko ba ta san tsari ba. Sura 14 ta ƙaryata su. Masu magana da harsuna kada su wuce biyu, iyaka uku, ɗaya bayan ɗaya, kuma sai da mai fassara. In babu shi, mai harshen ya yi shiru. Annabawa ma biyu ko uku, sauran jama'a su auna abin da aka faɗa. Idan wahayi ya zo wa wani da ke zaune, na tsaye ya dakata. Wannan aunawar ita ce zuciyar laccarmu, ku riƙe ta.

To ina muƙami ya fito? Daga matsalolin yau da kullum. A Ayyukan Manzanni sura 6, rabon abinci ne ya jawo gunaguni: ana tsallake matan da mazansu suka mutu na ɓangaren masu jin Helenanci. Aka zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas da Filibus, aka ɗora musu hannu. Istifanas ɗin nan da aka ba rabon abinci, shi ne kuma aka ce yana yin alamu da al'ajibai. Muƙaminsa bai hana baiwarsa ba.

Game da dattijo da bishop, a farko abu ɗaya ne. A Ayyukan Manzanni sura 20 Bulus ya kira dattawan Afisa zuwa Militas, sai ya kira su episkopos, wato masu kula, kalmar da ta zama bishop. Titus 1:5-7 ma haka ta haɗa su. Kowane gari yana da dattawa da yawa, ba mutum ɗaya ba.

Akwai wani ɗan littafi da nake so mu tsaya a kansa, Didake, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 1, aka sake gano shi a Istanbul a 1873. A lokacin da aka rubuta shi, manzanni da annabawa masu yawo suna shiga gari gari, ana karɓarsu, wasu kuma sun mai da abin hanyar cin abinci. Ga ƙa'idar da aka kafa. Manzo baƙo ya kwana ɗaya, in da larura biyu. Ya kai uku, annabin ƙarya ne. In zai tafi, a ba shi gurasar da za ta kai shi masauki na gaba. Ya nemi kuɗi, annabin ƙarya ne. Wanda ya ce cikin Ruhu a ba shi kuɗi, kada a saurare shi, sai dai in don mabukata ya nema. Wanda yake koyar da gaskiya amma ba ya aikata ta, shi ma na ƙarya ne. Ba su hana annabci ba, suna ma girmama annabin gaske har su ba shi nunan fari. Amma da halinsa da aljihunsa suke gwada shi. Littafin ya kuma ce a zaɓi bishop-bishop da dikinoni, domin su ma suna yin hidimar annabawa da masu koyarwa.

Daga nan abu ya yi sauri. Wajen shekara ta 96 Korintiyawa suka tsige wasu dattawansu, wasiƙa ta zo daga Roma tana cewa a mayar da su. Wajen 110 Ignatiyus, bishop na Antakiya, yana rubuta cewa bishop ɗaya ne, dattawa a ƙarƙashinsa, sai dikinoni, kuma kada a yi jibin Ubangiji ba da izininsa ba. A rabin ƙarshe na ƙarni na 2 wani mai suna Montanus ya taso yana annabci a Firijiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, tare da annabawa mata biyu, Biriskila da Maksimila. Bishop-bishop suka ƙi su, kuma tun daga nan aka riƙa kallon annabci da zargi. A ganina an yi asara a nan, domin maimakon a ci gaba da aunawa, sai aka fi karkata ga rufe ƙofa. A 251 ikilisiyar Roma tana da bishop 1, dattawa 46, dikinoni 7, ƙananan dikinoni 7, masu taimako 42, da masu fitar da aljanu da masu karatu da masu tsaron ƙofa 52, tana kuma ciyar da gwauraye da mabukata fiye da 1,500. Fitar da aljanu, wanda dā baiwa ce, ya zama matakin aiki da ake naɗa mutum a kai.

Yau tsari uku ne manya. Katolika da Otodoks da Anglikan suna kan tsarin bishop, har yanzu bishop uku ne suke naɗa sabo, kamar yadda taron Nikiya na 325 ya ƙayyade. Akwai tsarin majalisar dattawa, irin wanda muka sani a ECWA da COCIN, inda magana take hawa daga majalisar ikilisiya zuwa ta gunduma har babbar majalisa. Baftis kuwa taron membobi ne yake yanke magana. Bayan waɗannan ukun sai Fentikos, da ta bazu daga farkawar titin Azusa a Los Anjalis ta Amurka a 1906 ƙarƙashin William Seymour, ta dawo da harsuna da warkarwa tsakiyar sujada. A 1967 irin wannan motsi ya shiga Katolika ma.

Kowanne da inda yake ɓaci. A ikilisiyar da muƙami ya yi nauyi, an rubuta tsarin sujada daga waƙar farko har albarka, babu gurbin da ɗan'uwa zai kawo saƙo a auna. Mai baiwar koyarwa da ba shi da takardar makarantar tauhidi sai ya zauna a benci, ko ya fita ya buɗe tasa. A ɗaya gefen, inda mutum ɗaya ya kafa coci ya kira kansa manzo ko annabi, shi ne mai wahayi, shi ne mai riƙe baiko da zakka, shi yake naɗa dattawan da ya kamata su tsawata masa. Babu “sauran” da za su auna.

Gyaran ba shi da wuya a faɗa. Mai saƙo ya fara kai shi ga dattawa biyu ko uku. A rubuta annabcin da kwanan wata, a dawo a duba ko ya cika. Mai wa'azi kada ya ƙirga baiko, dikinoni aƙalla biyu su ƙirga, su sa hannu, a karanta wa jama'a lissafi. Baƙon mai wa'azi kuma a tambayi ikilisiyar da ta aiko shi kafin a miƙa masa bagade.