Kalmar "refute" a labarai: yaushe ta dace, yaushe take ɓata aiki

Masu kallo, ku dubi wannan kanun labari da ke kan allo: "Minister refutes allegation". Irinsa ya cika jaridun Turanci na Najeriya. Duk wanda ya karanta zai ɗauka magana ta ƙare, minista ya wanke kansa. Amma da ka shiga cikin labarin, sai ka tarar kakakinsa ne kawai ya fitar da sanarwa ya ce ba gaskiya ba ne. Ba takarda, ba shaida.

A kalmar "refute" gizo ke saƙar. Ainihin ma'anarta ita ce a tabbatar da hujja cewa magana ba gaskiya ba ce. Wanda ya ce "ban yi ba" ya yi shiru, musantawa ya yi, kalmarsa kuma "deny". Idan ya ƙara da kawo dalilansa amma ba a tantance su ba tukuna, "rebut" ce ta dace. Littafin ƙa'idojin rubutu na kamfanin dillancin labarai na AP ya yi gargaɗi a kan wannan: "refute" tana nuna an yi nasara a jayayya, saboda haka kusan kullum hukunci ne daga edita. Jaridar Guardian ta Ingila ma ta umarci ma'aikatanta kada su yi amfani da ita sai an rushe magana da hujja.

Gaskiya ne ƙamus irin su Merriam-Webster ya sa "musantawa" a matsayin ma'ana ta biyu, tunda haka mutane da yawa ke faɗi. Wannan ba zai cece ka a ɗakin labarai ba. Mai karatun da ya san ma'anar farko zai fahimci jaridarka ta ce mai zargin maƙaryaci ne, kuma lauyansa zai iya kafa ƙarar ɓata suna da wannan kalma ɗaya.

Ga inda ta zauna daram. A 1998 mujallar likitoci ta Lancet ta buga rahoton wani likitan Birtaniya, Andrew Wakefield, wanda ya duba yara 12 ya alaƙanta rigakafin MMR, na ƙyanda da hangum da rubela, da larurar otizim, wadda ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane. Mujallar ta janye rahoton a 2010. A 2019 wani bincike a Denmark ya bi diddigin yara fiye da 650,000, bai ga wata alaƙa ba. A nan ɗan jarida zai rubuta "refuted" hankalinsa kwance, domin hujjar tana nan, kowa zai iya dubawa.

To, kafin ka sa kalmar, nemi abin da wanda ake zargi ya kawo. An ce yana Abuja ranar da abin ya faru, shi kuma ya nuna fasfo da hatimin shiga Jidda na wannan rana? Madalla, amma da saura. Wa ya tantance hatimin, kotu ce, ko hukumar shige da fice, ko kai da kanka? Kuma hujjar ta rushe zargin duka ne, ko ɓangare ɗaya? Idan ɗaya daga ciki ya gaza, koma ga "deny", sannan ka zayyana abin da ya nuna.

Masu fassara zuwa Hausa, ku yi hattara da "ƙaryata", domin ita ma tana iya sa mai sauraro ya ji kamar an kama wani da ƙarya. Idan sanarwa ce kawai, ku ce "ya musanta zargin" ko "ya yi watsi da zargin". Idan ya kawo dalilai, "ya mayar da martani", sai ku faɗi dalilan. Ko da rahoton Turancin da ke gabanku ya ce "refuted", ku karanta shi har ƙarshe ku ga ko akwai hujjar kafin ku fassara kanun.