Agogon Furosesa da Maƙirgin da ke Cikin Na'ura: Lacca ga Ɗaliban Kwamfuta a Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, na gode da kuka fito bayan sallar isha'i, musamman waɗanda suka taso daga Makka. Abubuwa uku za mu duba a daren nan: mene ne agogon furosesa (furosesa shi ne ɓangaren kwamfuta mai aiwatar da umarnin shiri), yadda aka taɓa gina shi a kan maƙirgin da ke cikin na'ura, da dalilin da ya sa Linux ba ta yarda a saita shi a yau.

Na farko ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ƙa'idar POSIX, wadda tsare-tsaren tafiyar da kwamfuta irin su Linux suke bi, ta tanadi agoguna biyu waɗanda ba ruwansu da ƙarfe nawa yanzu, abin da suke ƙirgawa shi ne lokacin da furosesa ya ɓata yana yi wa shirinka aiki. CLOCK_PROCESS_CPUTIME_ID na firoses ne, wato shirin da yake kan gudana, gaba ɗayansa tare da duk zaren da ke cikinsa (zare layin aiki ne guda a cikin firoses), shi kuwa CLOCK_THREAD_CPUTIME_ID na zare ɗaya ne tak. Idan shirinka ya yi daƙiƙa 10 yana jiran saƙo daga intanet, da ƙyar wannan agogo zai motsa, amma idan zare huɗu suka yi aiki tare a kan cibiya huɗu (cibiya sashen furosesa ce mai aiki da kanta) na tsawon daƙiƙa 10, agogon firoses zai nuna 40.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni sha'awa. Tun daga Pentium na shekarar 1993, kamfanin Intel ya sanya wani maƙirgi mai bit 64 a cikin furosesa, ana kiransa TSC, wanda yake ƙara ɗaya a kan kowane bugun furosesa, kuma ana karanta shi da umarni guda, wato RDTSC. A na'ura mai bugu biliyan 3 a daƙiƙa, sai ya yi kimanin shekara 195 kafin ya cika ya koma sifili. Kafin kenel ɗin Linux, wato zuciyarta mai raba wa shirye-shirye lokacin furosesa, ya mallaki nasa tsarin, da wannan maƙirgi glibc, tarin ayyukan da shirye-shiryen Linux suke kira, ta gina agogunan nan biyu, a kan Itanium, wani nau'in furosesa na Intel, kuma ta yi amfani da takwaransa AR.ITC. Idan firoses ya fara, sai ta ajiye lambar da maƙirgi yake kai a matsayin tushe. Duk sanda aka tambayi lokaci, sai ta karanta sabuwar lamba, ta debe tushen, ta raba abin da ya rage da saurin bugun da ta samo daga /proc/cpuinfo, fayil ɗin da Linux take nuna bayanan furosesa a ciki.

To, yaya ake saita irin wannan agogo? Ku rubuta wannan, don Allah. Shirinka ba ya taɓa maƙirgin kwata-kwata, tushen kawai ake canzawa. A ce ka kira clock_settime, kiran da ake saita agogo da shi, kana so agogo ya nuna daƙiƙa 5 da rabi a waccan na'urar: daƙiƙa 5 bugu biliyan 15 ne, rabin daƙiƙa kuma biliyan 1.5, jimla biliyan 16.5, sai a debe wannan daga lambar TSC ta yanzu, abin da ya fito shi ne sabon tushe. Maƙirgi yana ci gaba da tafiyarsa, ba ya ma san an yi wani abu ba. Na maimaita, tushen ake canzawa, ba maƙirgin ba. Kyawun lissafin ne ya sa nake son koyar da shi, domin da debewa guda ɗaya an ba kowane zare agogonsa, alhali maƙirgi ɗaya suke kallo dukkansu.

Sai dai akwai babbar illa, kuma ina so ku gane ta da kyau. Kun san shagunan da teloli uku ko huɗu suke karɓa-karɓa a kan keken ɗinki guda. Idan za a raba kuɗin haya bisa lokacin da kowa ya zauna a kan keke, ba zai yiwu tela ya dubi agogon bango da shigowarsa da fitarsa ya ce wannan ne lokacinsa ba, tunda a ciki har da sa'o'in da ya yi zaune yana jiran wani ya tashi. Haka TSC yake, yana ƙirga bugu ko shirinka ne a kan furosesa ko na wani. Saboda haka abin da tsohon agogon yake bayarwa shi ne lokacin da ya wuce tun fara firoses, ba lokacin aikinsa ba. Wanda ya san sanda aka ɗora kowane zare da sanda aka sauke shi, kenel ne kaɗai.

Ga kuma wasu illolin biyu. A na'ura mai furosesa fiye da ɗaya kowanne yana da maƙirginsa, kuma ba dole ba ne lambobinsu su daidaita, don haka idan aka ɗauke firoses daga wannan aka kai wancan, agogo yana iya tsallakawa gaba ko ma ya koma baya. Sannan da dabaru irin su SpeedStep suka zo, masu rage saurin furosesa don tsimin batir, sai lambar da ake rabawa da ita ta daina zama tabbatacciya.

Na ga an fara shigo da shayi, bari in taƙaita. Linux 2.6.12 na shekarar 2005 ya mayar da lissafin cikin kenel, glibc 2.4 kuma ta koma dogaro da shi a 2006. POSIX ta ba mai izini damar saita agogunan, amma Linux ba ta ba kowa, kuskure kawai kiran zai dawo maka da shi, kuma a ganina daidai ke nan, domin da wannan lissafi ake sa wa firoses iyakar lokacin aiki. Mai son farawa daga sifili ya karanta sau biyu ya debe.

Na'am, 'yar'uwa da ke baya? Tana tambaya ne, tunda furosesan zamani suna da TSC mai tafiya da sauri ɗaya ko da yaushe, me zai hana ta karanta shi kai tsaye a aikinta na kammala digiri. Tambaya ce mai kyau ƙwarai. Ki buɗe /proc/cpuinfo ki nemi constant_tsc da nonstop_tsc, idan suna nan to matsalar canjin sauri ta kau, kuma Linux kanta takan gina CLOCK_MONOTONIC, agogon auna wucewar lokaci wanda ba ya komawa baya, a kan TSC ɗin, shi ya sa karanta wannan agogon ba ya buƙatar shiga kenel, yayin da agogon zare sai an shiga, wanda ya fi cin lokaci. Amma illar farko tana nan daram. Idan ɗan guntun lissafi kike aunawa, ki ɗaure zaren a cibiya ɗaya, ki yi amfani da RDTSCP, ɗan'uwan RDTSC mai jiran umarnin da suka gabace shi su kammala, ki maimaita awon sau da yawa ki ɗauki mafi ƙanƙanta. Idan kuwa kina son sanin nawa shirinki ya ci daga lokacin furosesa, ki kira clock_gettime da agogon zare, ki kawo mini lambobin biyu mu duba tare bayan an tashi.