Darasi: Kokwambar Teku da Naman Kazan Matsutake

Assalamu alaikum masu sauraro. Yau halittu biyu za mu ɗora a faifai, kuma dukkansu sunansu na yaudarar mutane. Kokwambar teku dabba ce, 'yar uwar kifin tauraro, siffarta kawai ta ja mata sunan. Naman kaza kuwa, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi, masana sun ce ya fi kusa da dabba a kan tsiro.

To, mu fara da ta cikin ruwa. Nau'in da muka ɗauko shi ne Apostichopus japonicus, da ke zaune a gaɓar tekun Japan da Koriya da arewacin Sin da gabashin Rasha. Tana rarrafe a ƙasan teku tana haɗiye laka da yashi, ta tsotse abin da ya ruɓe a ciki, ta fitar da sauran. Ta dubura take numfashi. E, kun ji daidai, ta dubura! In ta ji matsi sai ta fitar da hanjinta waje gaba ɗaya, bayan 'yan makonni wani ya fito. In ruwa ya yi zafi lokacin bazara kuma, sai ta daina ci ta kwanta lamo. A 2013 aka sa ta cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa saboda yawan kamu, amma yanzu ana kiwonta sosai a lardunan Liaoning da Shandong na Sin.

Nan ne suka raba hanya da matsutake. Wannan naman kaza, Tricholoma matsutake, har yau ya gagari manoma. Me ya sa? Ku saurara da kyau, domin nan ne zuciyar darasin. Abin da kake gani a saman ƙasa 'ya'ya ne kawai. Ainihin jikin zaruruwa ne a ƙarƙashi, sun nannaɗe saiwar fayin mai rai, wata bishiya mai ganye kamar allura. Shi ya ba bishiyar ruwa da ma'adinai, ita ta ba shi sukari. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan. Ka raba su, ba ya yin 'ya'ya. Kokwamba kuwa laka ta ishe ta, shi ya sa ake iya kiwonta a kududdufi.

Abin mamaki, matsutake ƙasa mara taki yake so. Da mutanen karkarar Japan suka daina tsintar itace da ganye a daji, ƙasar dajin ta yi taki, shi kuma ya ja baya. Ga wata tsutsa mai kashe fayin ta ƙara dagula lamarin. A 1941 Japan ta tara kusan tan 12,000, yanzu sau da yawa ko tan 100 ba ta kai wa a shekara, sai dai ta sayo daga waje, musamman daga Sin.