Yaro ɗan shekara 16 da dattijo ɗan 75: labarin faifan Landan na 1932

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa.

Kafin in ce komai, ku ɗan kasa kunne. Wannan shuuu ɗin da kuke ji kamar yayyafi a kan kwanon rufi, ƙarar allura ce tana bin tsagin tsohon faifan garmaho. Ku yi haƙuri da ita, kunnenku zai saba. Abin da ke bayanta shi nake so ku ji: wani yaro ne ɗan shekara 16 yake goga bayolin, kuma mutumin da ya tsara kiɗan da hannunsa yana tsaye kusa da shi yana jagorantar makaɗa. An naɗi wannan sauti a birnin Landan, ranakun 14 da 15 ga watan Yuli, 1932.

Yaron shi ne Yehudi Menuhin. Dattijon kuwa Edward Elgar, wanda a lokacin babu mai tsara kiɗa da Ingila take ji da shi kamarsa.

Ga wanda bai san bayolin ba, gogen Turawa ne. Namu gogen ƙwarya ce da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya. Nasu na katako ne, tsirkiya huɗu, ana ɗora shi a kafaɗa a danne da haɓa, a riƙa goga shi da baka mai izgar doki. Irin kiɗan da muke magana a kansa kuma suna kiransa konceto: makaɗi guda a gaba, babbar ƙungiyar makaɗa a bayansa, ana ba ni in ba ka, wani lokaci a yi kamar gardama, wani lokaci kamar lallashi.

Elgar ya kammala nasa konceton na bayolin a 1910. Ya san kayan sosai, domin shi kansa da bayolin ya fara neman abinci yana saurayi a garin Worcester. Fritz Kreisler, shahararren ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya fara kaɗa shi a bainar jama'a, ranar 10 ga Nuwamba, 1910, a zauren Queen's Hall na Landan, Elgar na jagoranci. Kiɗan dogo ne, yana cin kusan minti 50, kuma yana gajiyar da hannu ƙwarai. A shafin farko Elgar ya rubuta wata jimla da harshen Sifaniyanci, ma'anarta: a nan aka killace ruhin wani, sai ya jera ɗigo biyar a wurin suna. Masu nazarin rayuwarsa da yawa suna ganin wata aminiyarsa ce, Alice Stuart-Wortley. Ko wace ce, wanda ya saurari kiɗan zai ji cewa na mutum ne mai tuna abin da ya wuce shi.

To, ta yaya yaro ɗan Amurka ya shigo cikin maganar?

Akwai wani ma'aikacin kamfanin faifai na HMV, Fred Gaisberg, wanda tun 1902 ya naɗi muryar mawaƙi Enrico Caruso a birnin Milan. Gaisberg ya daɗe yana son ya haɗa Kreisler da Elgar su naɗi konceton nan, abin bai yiwu ba, kuma har Kreisler ya bar duniya bai taɓa naɗarsa a faifai ba. Ga shi shekaru suna ja, Elgar ya kai 75. Sai Gaisberg ya juya ga Menuhin.

An haifi Menuhin a New York ranar 22 ga Afrilu, 1916, iyayensa Yahudawa ne da suka yi hijira daga daular Rasha, ya tashi a San Francisco. Yana da shekara 11 ya kaɗa konceton Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, a zauren Carnegie Hall na New York. A 1929 a Barlin, a dare ɗaya, ya kaɗa manyan konceto uku, na Bach da Beethoven da Brahms, Bruno Walter na jagorantar makaɗa. Malamansa sun haɗa da Louis Persinger da George Enescu da Adolf Busch. Ke nan ba baƙo ba ne a fage. Amma kiɗan Elgar daban ne, kiɗan manya ne, mai cike da kewa da nadama, kuma mai shi yana raye, zai tsaya a kanka yana ji.

Akwai labarin haɗuwarsu ta farko da Menuhin ya riƙa bayarwa har tsufansa. Ya ce ya fara kaɗawa, wani mai suna Ivor Newton yana raka shi da fiyano, bai yi nisa ba Elgar ya tsayar da shi ya ce ya gamsu, shi zai tafi kallon sukuwar dawaki. Newton ya tuna cewa sauraron ya fi haka tsawo. Amma dukansu sun yarda da abu ɗaya, dattijon ya amince da yaron tun a zaman farko.

Yanzu mu shiga ɗakin naɗin, domin a nan ne nake so mu daɗe.

Wurin shi ne Abbey Road, wanda daga baya ƙungiyar mawaƙan Beatles ta sa sunansa ya zagaye duniya. A 1932 bai cika shekara da buɗewa ba, kuma Elgar ne ya jagoranci kiɗan buɗe shi a watan Nuwamba na 1931. Ku dubi wannan hoton da aka ɗauka a bakin ƙofarsa: dattijo mai farin gashin baki, da yaro mai cikar fuska a gefensa, kai ka ce kaka da jika.

A wancan zamani babu tef ɗin naɗin sauti a irin waɗannan ɗakuna, sai bayan yaƙin duniya na biyu ya shigo. Makirfo kam akwai shi, domin tun 1925 aka fara naɗi da lantarki. Kafin nan makaɗa sukan cunkushe ne a gaban wani babban mazurari su yi ta kaɗawa da ƙarfi, girgizar sautin ita ke motsa allura. Amma ko da makirfo ya zo, inda sautin yake sauka bai canja ba: wani faffaɗan faifai ne na kaki, mai kauri, ana ajiye shi da ɗumi don ya yi laushi. Yana juyawa sau 78 a minti guda, allura tana yanka masa siririn tsagi daga baki zuwa ciki. Fuska ɗaya ba ta ɗaukar fiye da minti huɗu da 'yan kai. Idan ta cika, dole a tsaya.

Ku yi tunanin abin da wannan yake nufi ga makaɗi. Kana tsakiyar kiɗa, jikinka ya ɗauka, sai a ce tsaya. A sauya kaki, a jira alamar injiniya, sannan ka ci gaba daga daidai inda ka tsaya, da irin saurin da ka bari da irin zafin da ka bari. Idan yatsa ya zame a minti na uku, babu yankewa babu liƙi, sai dai a sake fuskar gaba ɗaya a kan sabon kaki. Kuma ba a son a saurari kakin da za a yi amfani da shi, domin allurar sauraro tana lalata shi. Sai an kai shi masana'anta an shafe shi da ƙarfe ta hanyar lantarki, an fitar da tambarin da za a riƙa buga faifan da shi. Haka konceton nan ya fito a faifai shida, fuska 12. Wanda ya saya a 1932, sau 11 zai tashi ya juya ko ya sauya faifai kafin ya kai ƙarshe.

Wannan shi ya sa nake girmama tsofaffin faifan nan. Kowace fuska da kuke ji, abin da ya faru ne a ɗaki ɗaya cikin minti huɗun nan, ba ƙari ba ragi.

Ƙungiyar makaɗan ita ce London Symphony Orchestra. Shugaban masu bayolin a cikinta, W. H. Reed, shi ne mutumin da a 1910 yake zuwa wurin Elgar yana gwada masa sassan konceton tun ana kan rubuta shi. Shekara 22 bayan haka, ga shi zaune 'yan taku kaɗan daga yaron da ba a ma haife shi ba a lokacin.

Me za ku saurara? Da farko, shigowar Menuhin. Makaɗa ne suke buɗewa su kaɗai, har kusan minti uku. Suna kawo jimlar kiɗa har gab da ƙarshenta, sai su sassauta, bayolin ya ƙarasa ta da murya ƙasa-ƙasa, mai kauri. Menuhin bai yi gaggawar nuna bajinta ba. Ya shigo kamar mutumin da ya daɗe a ɗakin yana jin hirar, yanzu ne ya ga dama ya sa baki. Duk lokacin da na ji wurin nan sai tsigar jikina ta tashi.

Na biyu, zamiyar yatsa. Makaɗan wancan zamani sukan ja yatsa a kan tsirkiya daga wannan sauti zuwa wancan, maimakon su ɗaga shi su dira. Sautin sai ya zama kamar muryar mutum mai rera waƙa. Masu jin goge ba za su ji baƙunta a nan ba. Daga baya malaman kiɗa suka rage wannan salo, suna ganin ya yi yawa. Ni dai a ganina an yi asara, kuma faifan nan hujja ce cewa haka Elgar yake jin kiɗansa ana kaɗa shi a gabansa.

Na uku, sauri. Elgar ba ya riƙe kiɗa a kan taki ɗaya. Yakan ja, ya saki, ya tsaya kamar mai numfasawa, kuma yaron yana biye da shi. Wasu masana sun fi son faifan Albert Sammons, mai bayolin ɗan Ingila, wanda aka naɗa a 1929, Henry Wood na jagorantar makaɗa. Nasa ya fi sauri da tsauri, kuma gaskiya yana da kyau ƙwarai, ku neme shi ku kwatanta. Na Menuhin ya fi taushi da yalwa. Amma shi kaɗai ne cikakken naɗin konceton da mai shi ya jagoranta, domin wanda Elgar ya yi da mai bayolin Marie Hall a 1916, a zamanin mazurari, an guntule shi sosai don ya shiga faifai.

Bayan Yuli ɗin nan zumuncinsu ya ɗore. A watan Nuwamba na 1932 suka kaɗa konceton tare a zauren Royal Albert Hall. A watan Mayu na 1933 Elgar ya hau jirgin sama karo na farko a rayuwarsa, ya tafi birnin Faris don ya sake jagorantar yaron. Ranar 23 ga Fabrairu, 1934, ya rasu. Menuhin ya rayu har 1999, ya sake naɗar konceton a tsakiyar shekarun 1960 Adrian Boult na jagorantar makaɗa, da na'urori masu kyau nesa ba kusa ba. Duk da haka na 1932 ne aka yi ta sake fitarwa, daga faifan garmaho zuwa dogon faifai, zuwa CD, har ga shi yau a intanet.

Akwai wuri ɗaya da na ajiye muku. Gab da ƙarshen wani sashe na konceto, galibi na farko, al'ada ce makaɗa su yi shiru su bar mai bayolin shi kaɗai ya nuna gwaninta. Elgar bai yi haka ba. Gab da ƙarshen nasa konceton, ya umarci masu kayan tsirkiya su riƙa kaɗa tsirkiyoyinsu da taushin yatsu, a hankali, da sauri-sauri, har sautin ya zama kamar iska tana ratsa ganye daga nesa. A kan wannan ne bayolin yake komawa baya, yana ɗauko waƙoƙin da aka ji tun farkon kiɗan, ɗaya bayan ɗaya, yana juya su kamar mai duba tsofaffin wasiƙu. Dattijon da ya rubuta su yana tsaye, matarsa ta rasu tun 1920, yaron kuma yana kaɗa masa su.

Idan kuna da abin sawa a kunne, ku saka. Zan yi shiru, ga wurin nan.