Jiragen kwasar ma'adinai a ƙasan teku, mu ina kasonmu?

Assalamu alaikum masu saurarenmu na Maradi da kewaye, Tibiri, Madarunfa, Gidan Runji, Tasawa, har da ƴan uwa na wajen Jibiya da Katsina. Sharhin yau kan jirgin ruwa ne. Na san wani zai ce malam mi ya haɗa Bamarade da jirgin ruwa, mu da ko gulbinmu sai da damina yake kawo ruwa? To ku ɗan yi haƙuri ku ji.

Akwai wani ƙaton jirgi sunanshi Hidden Gem, na kamfanin Allseas na ƙasar Suwizalan, tsawonshi mita 228. Da can jirgin haƙar man fetur ne cikin teku, aka saye shi aka sake mishi fasali. A 2022 wanga jirgi ya tafi tekun Fasifik, wani yanki tsakanin Hawai da Meziko da ake ce ma Clarion-Clipperton, inda zurfin ruwa ya wuce kilomita 4, wurin da hasken rana bai taɓa kaiwa ba. A can ƙasa akwai wasu baƙaƙen duwatsu a zube kamar dankalin turawa, ba sai an haƙa ba, tsinta kawai, kuma cikinsu akwai manganis da nikel da kobalt da jan ƙarfe, wato irin ƙarafan da ake nema ido rufe don batirin motoci masu lantarki da salular da ke hannunku yanzu haka.

Yadda aikin yake, jirgin na sauke wata na'ura mai ƙafar katafila har ƙasan teku, tana tafiya tana zuƙe duwatsun haɗe da laka, sai a tura su cikin wani bututu mai tsawon sama da kilomita 4 da ƙarfin iska har su iso bisa jirgi, nan a tace, dutse ya shiga rumbun jirgi, ruwan laka kuma a maida shi teku. A wancan gwajin da aka yi ma kamfanin The Metals Company na Kanada sun haudo da sama da tan 3,000. Kuma tsarin da suke so shi ne jirgin haƙar ya zauna wuri guda ba dawowa, wasu jiragen dakon kaya su riƙa zuwa suna kwashewa zuwa masana'anta a tudu, wasu na kawo gazuwal da abinci da ma'aikatan canji, don wurin tafiyar kwanaki ne daga gaɓa. Kun ga ba aikin talaka ba ne, kai ba ma aikin ƙasa matalauciya ba ne.

To ga inda zancen ya shafe mu. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ce duk ma'adinan da ke ƙasan tekun da ba na kowa ba gado ne na ɗan Adam baki ɗaya, mai bakin teku da wanda bai da shi. Nijar na cikin yarjejeniyar tun 2013. An kafa hukuma a Kingston ta Jamaika a 1994 don ta ba da izini kuma ta raba riba. A takarda kenan mai sayar da goro a babbar kasuwa shi ma magaji ne. Amma har yau hukumar ba ta gama rubuta dokar haƙar ba balle a san yadda za a raba kuɗɗin, sannan a watan Afrilun 2025 Donald Trump ya sa hannu kan umarni cewa Amurka za ta ba da nata izinin da kanta, tunda dama ba ta cikin yarjejeniyar, kuma ba a ɗau kwanaki ba wancan kamfanin na Kanada ya kai takardunshi can. Ni a ganina wannan cin gadon marayu ne da rana tsaka.

Mu ba baƙi ba ne a irin wannan. Tun 1971 ake fidda uraniyom a Arlit, shekara da shekaru an yi ta jan shi da kamiyo zuwa Kwatano har 2023, wanda ke da jirgi da masana'anta shi ya san farashi. Ƴan kasuwar Maradi da kayansu suka saba biyowa ta Lome da Kwatano sun fi kowa sanin wuyar rashin tashar ruwa taka.

Kuma kar a ɗauka riba ce tabbas. Kamfanin Nautilus ya yi ma Papuwa Niyu Gini alkawarin haƙar zinariya da jan ƙarfe a tekunta, gwamnati ta zuba kuɗɗinta, aka fara ƙera jirgi a Sin, 2019 kamfanin ya karye ko tan ɗaya bai saida ba. Masana kimiyya su ma suna kuka, a 1989 Jamusawa sun yi gwajin kafce ƙasan teku kusa da Peru, da aka koma bayan shekara 26 sawun na nan raɗau, su kuma duwatsun nan sai sun yi shekara miliyan kafin su ƙaru da ƴan milimita.

Wanda ya ɗan burge ni Namibiya ce. Su lu'ulu'u suke kwasa a tekunsu, ruwan bai kai wancan zurfi ba ko kusa, amma kamfanin Debmarine mai jiragen rabi na gwamnati ne rabi na kamfanin lu'ulu'u De Beers, har sabon jirginsu Benguela Gem da ya fara aiki a 2022. Suna da hannu a jirgin kanshi, ba jiran a sammusu suke ba.

Mu ba mu da teku ba mu da jirgi, abin da muke da shi kujera ce da ƙuri'a a taron Kingston da ake yi duk shekara, inda ake jayayya kan kaso nawa kamfani zai biya da yadda ƙasashe irin namu za su samu. Muna kira ga hukumominmu na Yamai su tura wakilan da suka san fannin, su haɗa baki da Mali da Burkina da Cadi, in sun dawo kuma su zo gidan radiyo su gaya ma jama'a da Hausa abin da aka tsaida. A huta lafiya.