Darasin Fatsa: Ranar da Kirafi Ya Kame Bakinsa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau muna tafkin Conroe, arewa da Houston a jihar Texas, ga mu a ƙarƙashin gadar titin 1097. Ƙanena ne ke riƙe da waya, in kun ga hoto na rawa to sanyi ne ke kaɗa shi. Tun bayan asuba muke nan, yanzu tara ta gota, kifi biyu kacal muka sa a bokiti. Na ce masa ya kunna a haka, don ranar da kifi ke ci ko yaro ya jefa zai kama. Irin wannan rana ce ake gane wanda ya iya.

Jiya da yamma iska ta juyo daga arewa, sanyi ya sauko. Ku dubi sama, fes, ko ɗigon gajimare babu. In aka wayi gari haka, kirafi, kifin da muka zo nema (crappie a Turance), ba ya barin wurin, yana nan, sai dai ya maƙale jikin ginshiƙi ko cikin rassan da suka nutse, ya ƙi bin komai. Mutane sai su tayar da inji su yi ta zagaya tafki suna ƙona mai. Ni kafin in bar wuri sai na canja zurfi, na rage girman koto, na rage sauri. In duk na yi bai ci ba, sannan in matsa.

Ga wanda bai san kifin ba, faffaɗa ne kamar karfasa, amma bakinsa ya fi girma, leɓensa kuma siriri kamar takarda. Iri biyu ne, fari da baƙi. Kada launi ya ruɗe ka, ƙirga ƙayoyin bayansa: fari 5 zuwa 6, baƙi 7 zuwa 8. 

To, sanda da injin naɗi kowa na da nasa, ba sai na tsaya a kai ba. Zarena mai ɗaukar laba 4 ne. Da safe da mai laba 6 na fara, na sauya. Kotona jig ne, wato ƙugiya mai kai mai nauyi da 'yar jela, mai kwaikwayon ɗan kifi. Wanda na fara da shi nauyinsa ɗaya bisa 16 na oza ne, yanzu na koma ɗaya bisa 32. Ɗan mitsitsi ne, a hankali yake nutsewa, ya daɗe a gaban idon kifi.

Matso da wayar nan, ƙane. Ƙara matsowa. Yawwa.

Wannan wurin shi ya wahalar da ni kusan shekara guda, don haka ku yi haƙuri zan daɗe a kai. Kun ga ɗan zoben da ke kan jig, inda ake zura zare? In ka ƙulla ka ja, ƙullin sai ya zame ya koma gaba, wajen hanci. In ka saki jig ɗin ya rataya, kai na sama, jela na ƙasa, a tsaye kamar an rataye tsintsiya. Wane ɗan kifi kuka taɓa gani yana iyo a tsaye? Ranar da kirafi ke jin yunwa ba ruwansa, zai haɗiye. Amma yau da yake zuwa ya tsaya ya ƙare wa abu kallo, da ya gan shi a karkace sai ya juya. Sai ka sa farce ka tura ƙullin baya, can wajen tsinin ƙugiya... a'a, tsaya, na wuce da shi, yanzu kai ya sunkuya. Dawo da shi kaɗan, ya zauna a saman zoben. Kun gani? Ya kwanta daidai, kamar kifi na hutawa. Abin da ba a gaya min ba shi ne, duk kifin da ka kama, duk reshen da ka karta, ƙullin zai sake zamewa gaba. Sai ka duba kowane jifa. Kowane jifa fa. Wasu suna yin ƙulli mai ɗan madauki don jig ya yi ta lilo da kansa, yana aiki, amma ni da zare siriri irin wannan ya sha tsinke min, shi ya sa na fi son matsattsen ƙulli in riƙa gyarawa.

Sai maganar zurfi. Idon kirafi sama yake kallo, daga ƙasa yake tasowa ya ɗauki abinci. In kotonka ya wuce shi ya yi ƙasa, ko da ƙafa ɗaya ne, to ka yi asarar jifa. Nan inda muke ƙafa 22 ne zuwa ƙasa. Ba ni da na'urar nan mai tsada da ke nuna kifi yana motsi a allo, kuɗinta ya fi na kwale-kwalen nan da na saya na hannu. Abin da nake yi, in saki jig ya taɓa ƙasa, sai in fara naɗowa ina ƙirga juyi. Juyi biyu, in tsaya. Juyi biyu, in tsaya. Inda aka taɓa ni, in riƙe lissafin, in riƙa komawa can. Kifayen nan biyu duk a juyi na shida suka ci, wato suna rataye ne a tsakiyar ruwa, ba a ƙasa ba.

Tsayawar kuma ta gaske nake nufi. Ka ƙirga goma a ranka, kada ka girgiza sanda. Rawar hannunka da ɗan motsin kwale-kwale sun isa su sa jelar ta yi motsi. Mu da muka saba da fizge-fizge wannan ne ke ba mu wuya.

Ku lura da zaren, ba bakin sanda ba. Sau da yawa ba za ka ji komai a hannu ba. Tun da daga ƙasa yake ɗaukowa ya yi sama da shi, sai dai ka ga zaren da ke miƙe ya saki, ya yi laushi kamar ka taɓa ƙasa, alhali ka san ƙasa na da nisa. To kifi ne. Shi ya sa nake sayen zare mai launin rawaya, idona ya fara gajiya.

Af, na manta. A wuraren da ba zurfi sosai, ko in daga gaɓa kake jifa, sa ɗan ƙwallon nan mai iyo da ke zamewa a jikin zare, ka soka ɗan kifi mai rai a ƙugiya ta leɓe. In ƙwallon ya kwanta a gefe maimakon ya nutse, shi ma cizo ne.

Farkon zuwana ƙasar nan, wani dattijo ya ɗauke ni zuwa tafkin Livingston. Ina jin an taɓa sai na fizga da ƙarfi, yadda muke yi wa tarwaɗa a gida. Na ɗago ƙugiya da ɗan guntun leɓe, kifi ya tafi. Sau huɗu ina haka, dattijon na ta dariya har da riƙe ciki. Ɗaga wuyan hannu kawai ake yi, a hankali, a bar sanda ta lanƙwasa. Babba kuma kada ka ɗago shi da zare, sa ɗan raga ka kwaso. Ba wani ƙaton kifi ba ne, farin da ya fi kowane nauyi a tarihi, wanda aka kama a Enid da ke Mississippi a 1957, laba 5 ne da oza 3. Amma a soya shi da yaji, ba ka neman wani.

Launi fa? Kullum sai an tambaye ni. Ruwa mai duhu, kore mai ɗaukar ido haɗe da baƙi. Ruwa garau, fari ko mai kama da ɗan kifi. Ban yarda launi ya kai zurfi muhimmanci ba, amma in na yi minti 15 shiru ina canjawa. Waɗannan masu gashin da kuke gani ni nake ɗaura su da hannuna da daddare. Gashin tsuntsu ne mai laushi, ko jig na tsaye cak yana buɗewa yana rufewa, ya fi roba a ruwan sanyi. Mai so ya yi min magana, goma-goma nake ƙullawa, ɗalibai ina yi musu ragi. Ba dole, na kanti ma na kamawa.

Bari mu gwada ginshiƙin can. Ɓangaren inuwa za ka bi, ka manna jig jikin siminti har ya kusa gogawa. Ƙasa... ɗaya, biyu... huɗu... shida. Tsaya. Kada ka motsa, ƙane, kwale-kwalen na juyawa.

Kun ga zaren? Ya saki. Bismillah... ga shi! Miƙo ragar. A'a, ta ƙasa, ta wajen kai. Madalla.

Kawo ma'auni. Dokar Texas inci 10 ne mafi ƙanƙanta, guda 25 a rana ga mutum ɗaya, kuma in ka kai shekara 17 sai da lasisi, sai dai in a cikin gandun shaƙatawa na jiha kake jifa daga gaɓa. A rufe bakin, a matse jela. Tara da rabi. Kash. Koma ka ƙara girma.

Kun ga ƙullin? Ya riga ya zame gaba. Bari in gyara mu sake saukarwa, juyi shida, inda ɗaya yake akwai 'yan uwansa.